WASIƘA DAGA MAGAMI: YARON DA BAI SAN SANIYA BA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili kamar yadda ka saba ba ni, in gaya wa 'yan'uwana malamai da akawuna wani abu da ya ba ni dariya da fari, daga baya ya hana ni barci.

Ina da jikoki uku a Gusau, babban shekararsa 8, autar kuwa 4. Ubansu haifaffen Magami ne, amma tun babban yana goye ya kwashe iyalinsa ya koma birni, saboda abin da kowa ya san ya sami hanyar nan tamu ta Gusau zuwa Ɗansadau. Rannan na kai musu ziyara, muna karin kumallo, sai na tambayi na tsakiyan, "Kai, daga ina madara ta ke fitowa?" Ya ce, "Daga gwangwani mana, Kaka." Gida ya ɗauki dariya. Ni ma na dara, amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai.

Jama'a, sa'ad da mu ke kamarsa, ba wanda ya ke ɗaukarmu ya kai mu kallon dabba, don dabba ita ke iske mu. Da an gama girbi Fulani su kan sauka a gonakin iyayenmu, shanu su ci kara su bar mana taki. Mu kuwa yara sai ruga. A can a kan ba mu nono a ƙwarya, a can muka koyi rarrabe Bokoloji mai guntun ƙaho da Bunaji fari da Rahaji ja mai dogon ƙaho. A wancan zamani ba abin da makiyayi ke tsoro kamar bushiya, cutar da kan share garke ƙaf. To, a shekarar 2011 aka yi shela a duniya cewa an kawar da bushiya. Abin mamaki, wajen wannan lokaci ne satar shanu ta fara yawaita a ƙasar Zamfara. An kashe cutar da ta gagari kakanninmu, sai ga wadda ɗan Adam ya ƙaga da hannunsa. Har ta kai a 2021 Gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, ta hana safarar dabbobi. Bafulatani ya yi asara, Bahaushe ya yi asara, amma akwai wata asarar da ba a lissafa ba, watau ta yaran da suka tashi ba su taɓa shafa bayan maraƙi ba.

Kashegari bayan la'asar na kwashi jikokin zuwa gidan wani tsohon abokina a gefen gari, wanda ke da turke. Yana da saniya biyu, da awaki, da tumaki, da jaki, da zabi, da agwagi. Muna shiga wani ɗan akuya ya yi kuka, sai autar ta ruga ta ɓuya a bayan rigata. Maigidan ya zuba mata dusa a tafin hannu, ya riƙe hannun. Ɗan akuya ya matso ya lashe. Ta runtse ido, sa'an nan ta buɗe, ta fashe da dariya ta ce, "Angona, harshensa kaushi gare shi!" Na tsakiyan kuwa ya tsuguna yana kallon tatsa, bai ce uffan ba har ƙwarya ta yi rabi. Can sai ya ɗago kai ya ce, "To, wa ke zuba mata a ciki?" Babban ya tsaya wajen jar akuya, na gaya masa fatar irinta ce fatake ke ƙetare Hamada da ita tun zamanin dā, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali kuwa daga ƙasashen Sakkwato da Kano ta ke fitowa. Ya dube ta da girmamawa, sai ka ce an nuna masa hakimi.

Wani zai ce, ai sai a kai su Kano, gidan namun daji mai sunan Audu Bako, wanda ya yi mulkin Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Madalla, mai hali ya kai nasa. Amma namun daji kallo ne daga bayan ƙarfe. Zaki ba ya koya wa yaro tashi da sassafe ya ba shi ruwa, akuya ce ke koya masa. Malamai sun fi ni sanin ya tabbata a hadisi cewa ba wani Annabi da bai yi kiwo ba, kuma wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Yaron da ya saba jin tausayin abin da ba ya magana, da wuya ya girma ya rasa tausayin mai magana. Mu mutanen wannan ƙasa mun ga abin da rashin tausayi ke haifarwa.

Sai dai wanda zai kai yara turke ya kula da abu huɗu. Na ɗaya, kada yaro ya tsaya a bayan jaki, ko ya kusanci saniya mai sabon maraƙi, ko rago mai tunkuyi. Na biyu, a sa musu takalma. Na uku, in an fito a wanke musu hannu da sabulu tun ba su kai shi baki ba. Na huɗu, nonon da aka tatsa a tafasa shi kafin su sha, don bakkale da tarin fuka su kan bi ɗanyen nono su kama mutum. Mun sha a dā mun kwana lafiya, amma ba duka muka kwana ba.

Roƙona ga malaman makaranta shi ne, kowace makaranta ta aje ko da 'yan kaji da akuya biyu, yara su riƙa kiwo bi da bi. Ku kuwa masu albashi, ku tuna al'adarmu ta ba yaro 'yar akuya ta zama tasa. Ni dai na fanshi ɗaya wajen abokina na bar musu, na ji har sun yi faɗa a kan wanda zai ba ta harawa.

Da za mu rabu autar ta tambaye ni yaushe zan kai ta ruga. Na ce sai hanya ta yi kyau. Allah Ya nuna mana ranar, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Haza wasalam.

Naka,
Wani tsohon malami, Magami.