Zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar tana kan feda

Yau keke za mu hau.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na babur suka yi tashin gwauron zabo. A gari irin Tsaskiya da ke Ƙaramar Hukumar Safana a Jihar Katsina, sai magidanci ya yi lissafi sau biyu kafin ya kwashi iyalinsa zuwa gaishe da dangi a ƙasar Batsari. Ga kuma matsalar 'yan bindigar Dajin Rugu, wadda ta sa a 2021 aka taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, har da Safana da Batsari. Tsada da tsoro suka haɗu suka raba 'yan uwa. Akwai yaran da suka girma ba su san fuskar goggonsu ba, alhali tsakaninsu bai kai tafiyar wuni guda ba.

Nan ne tsohon keken da ke jingine a zaure ya dawo da darajarsa. Ba ya shan mai, ba ya ƙara, kuma yana ratsa turbar da mota ba ta isa ta bi ba. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kamar kilomita 5 a awa ɗaya. Mai keke a hanyar ƙauye yakan ci 10 zuwa 15. Ku lissafa: tafiyar kilomita 30 da za ta cinye awa shida a ƙafa, da keke awa uku ta isa, ko huɗu in an haɗa da hutu.

Bayan girbin bara gidanmu mun yi irin wannan tafiya daga Tsaskiya zuwa wani ƙauye kusa da Batsari, barkar haihuwa. Kekuna huɗu: Baba a gaba, ƙannena biyu a tsakiya, ni a baya da ƙanwarmu a kan kariya, tana rungume da ƙullin dawo. Ga abin da na ga yana sa irin wannan tafiya ta yi kyau.

Na farko, tambaya. Kwana biyu kafin mu tashi Baba ya je wurin mai unguwa, ya kuma kira dangin da za mu je wurinsu. Su suka ce mu bar gajeriyar hanyar da ta kusanci daji, mu zaga ta inda ƙauyuka ke jere kuma mutane ke kai da komo. Da sun ce hanya ba lafiya, da mun zauna gida, domin babu zumuncin da ya kai rai. Ba a fita kafin gari ya waye sosai, ba a bari la'asar ta yi wa mutum a hanya, kuma ba a tallata ranar tafiya a Facebook ko WhatsApp.

Na biyu, kayan gyara. Babban abokin gabar keke a karkara ƙaya ce. A tafi da famfo da sifana da faci da sholisho. Idan taya ta sace, a ciro tib, a hura masa iska, a tsoma shi a ruwa ko a kara shi a kunci har a gano inda iska ke fita. A kankare wurin, a shafa sholisho, a jira ya sha iska kafin a manna facin. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa. Sannan a shafa cikin tayar da yatsa a hankali a cire ƙayar, in ba haka ba za ta sake hudawa.

Na uku, yashi. Hanyoyin yankinmu suna ratsa rafuka da suke bushewa da rani. Taya mai tauri nutsewa take yi, saboda haka a ɗan rage iska don ta shimfiɗu. Inda yashin ya yi zurfi, a sauka a tura. Ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, tafiya da ƙarfin ƙarami. Autanmu namiji shekararsa 12, kuma shi ne ma'aunin saurinmu. Duk bayan awa ɗaya mukan tsaya a inuwa mu sha ruwa, ko ba a ji ƙishirwa ba. Wanda ya tsere gaba ya bar ayari bai burge kowa ba, nauyi kawai ya ƙara wa manya.

Da muka isa, goggo ta kasa gane autan, don rabonta da shi tun yana ɗan shekara bakwai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da zaman gida ke ci mana ba mu sani ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018. Ku ba sai kun jira ranar ba. A wannan makon ku je wurin mai facin unguwarku ku koyi faci da ɗaure birki. Sannan ku tambayi iyayenku: wane ɗan uwa ne muka fi daɗewa ba mu gani ba, kuma yaya hanyarsa take yanzu? Yanke shawarar tafiya na manya ne, amma shirya keken naku ne.

Allah Ya zaunar da yankunanmu lafiya. Sai mako mai zuwa.