Raddi Ga Mai Cewa Ilimin Ƙwayar Zarra Kame-Kame Ne

Wani malami da nake girmamawa ya yi magana a majalisarmu ta Unguwar Kanawa bayan sallar Isha'i, yara 'yan sakandare suna saurare. Ya ce masana kimiyya ba su da tsayayyar magana a kan ƙwayar zarra: yau su zana ta haka, gobe su goge. Allah gafarta Malam, ga amsa.

Ka ce Dalton ya faɗi abu a 1808, Thomson ya ƙaryata shi, Rutherford ya ƙaryata Thomson, saboda haka duk maƙaryata ne. To, me ya sa aka sauya? Thomson ya gano ilektaron a 1897, ya ɗauka suna warwatse cikin zarra kamar 'ya'yan kankana cikin tsokarta. A 1909, a Manchester, Geiger da Marsden suka riƙa harba ƙananan ƙwayoyi kan fallen zinariya da ya fi fatar albasa siranta. Kusan duka suka ratsa suka wuce, amma jefi-jefi sai wata ta dawo baya. Da zancen kankana gaskiya ne, da babu wadda za ta dawo. Rutherford, wanda ɗalibin Thomson ne, ya bayyana a 1911 cewa nauyin zarra ya dunƙule ne a wata 'yar cibiya, saura kuwa sarari. In ka mai da zarra girman filin wasa na Ahmadu Bello, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar wake a tsakiyar fili ba. Ɗalibi ya gyara wa malaminsa da hujja. A zaurenka, Malam, wannan ba ƙarya ake kiransa ba, tahƙiƙi ne.

Kuma ba a zubar da na baya ba. Maganar Dalton cewa sinadarai suna haɗuwa bisa ma'auni tsayayye tana nan daram, ilektaron ɗin Thomson shi ke gudu a wayar wutar gidanka (in an kawo wutar). Bohr a 1913, Schrödinger a 1926, Chadwick da ya gano niyutaron a 1932, kowa ɗori ya yi a kan ginin da ya tarar.

Ka ce sunan zarra na Girkanci yana nufin abin da ba ya rabuwa, ga shi an raba ta. Nan ka yi gaskiya, sunan ya yi kuskure. Amma Unguwar Kanawa ma ba Kanawa kaɗai ke cikinta ba, ba wanda ya ce unguwar babu ita.

Ka ce babu wanda ya taɓa ganinta. A 1989 masanan kamfanin IBM suka jera zarra 35 ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta sunan kamfanin, daga baya suka fitar da hoton.

Sai batun cewa ba ta shafe mu ba. Tun 2004 Jami'ar Ahmadu Bello ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike a Zariya, inda ake fasa cibiyar yuraniyom a samu niyutaron don auna abin da ke cikin ƙasa da ma'adinai. Zariya ba nisa, Malam. Mota tana Kawo, ni zan biya kuɗin, mu tafi da yaran da suka saurare ka.