Hatsari a wurin aiki: in ba a rubuta ba, kamar bai faru ba

Ranar 20 ga Janairun 2022 wata mota ɗauke da abin fasa dutse da za a kai mahaƙar zinariya ta Chirano ta yi karo da babur a Appiatse, kusa da Bogoso. Ta tashi, mutum 13 suka rasu, ƙauyen ya rushe. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, daga baya kamfanin Maxam ya ɗauki nauyin biyan dala miliyan 6. An kai ga haka ne don duniya ta gani, kuma akwai takardu da za a bincika.

To, yaron da inji ya cinye wa yatsu a wata masana'anta a Tema fa? Ko mai walda a Suame Magazine da tukunyar gas ta fashe masa? Yawanci a kai shi asibiti, maigida ya biya kuɗin magani in ya ga dama, a ce ƙaddara ce, shi ke nan. Ba wanda ya rubuta komai.

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya kai rahoton hatsari ga hukuma cikin kwana bakwai. Akwai kuma dokar masana'antu ta 1970 da dokar diyyar ma'aikata ta 1987. Matsalar ita ce yawancin 'yan uwanmu na zango aikin yini suke yi, ba takardar ɗauka, ba sunansu a rajista. Kamfani kuwa ba ya son ya tona wa kansa asiri, ma'aikaci kuma yana tsoron in ya yi magana gobe a ce kada ya dawo. Haka alƙaluman da ke hannun hukuma suke zama ƙasa da gaskiya, kuma da su ake yanke shawarar inda za a tura masu duba masana'antu.

Bincike na gaskiya bayanai yake ci. Da ƙarfe nawa abin ya faru, kuma awa nawa mutumin ya yi yana aiki kafin nan? Yaushe aka yi wa injin gyara na ƙarshe? An cire masa murfin kariya don aiki ya yi sauri? An koya wa ma'aikacin, ko an ce masa kalli yadda wane yake yi? A ɗauki hoto kafin a share wurin, a ji ta bakin shaidu ran nan, kowa shi kaɗai, tun ba a haɗa baki ba. Har wanda aka tsallake rijiya da baya ya kamata a rubuta, domin wayar da ta ja wani jiya ita ce za ta kashe wani gobe.

In ba a tara waɗannan ba, rahoto kullum kalma ɗaya yake ƙarewa da ita: sakacin ma'aikaci. A kore shi, injin yana nan yana jiran na gaba.

Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara saboda hatsari da cututtukan wurin aiki. Namu nawa ne a ciki? Sai an ƙirga za a sani.

Yarda da ƙaddara ba ta hana tambayar me ya jawo. Kafin hukuma ta gyara nata, ƙungiyoyin masu sana'a da sarakunan zango za su iya buɗe littafi: suna, rana, wuri, irin raunin. Kai kuma in abu ya same ka ko ɗan uwanka, riƙe katin asibiti da rasit, ɗauki hoto da wayarka, ka je ofishin ƙwadago mafi kusa. Ranar neman diyya, takarda ce za ta yi maka magana.