Clinker: Kalmar da Kunne Ya Raɗa wa Suna

Wannan makon kan kalma ɗaya tal zan tsaya, wato “clinker” ta Turanci, domin tana iya kayar da mai fassara.

Asalinta daga yaren mutanen Holan ne. A wajensu “klinken” na nufin yin ƙara ko amo. Jan bulon da ya sha wuta har ya ƙeƙashe, idan aka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙarfe, shi suka kira “klinker”, suna shimfiɗa shi a tituna. A ƙarni na 17 Ingilishi ya aro kalmar, daga baya ya ɗora ta a kan dunƙulen da ke saura a tanderu bayan kwal ya ƙone, tokarsa ta narke ta daskare.

Mu ma muna da irinsa. Dattin da ke fita idan an narka tama, kashin maƙera muke ce masa. Ku lura da bambancin: Bature da kunne ya raɗa sunan, Bahaushe kuwa da raini, tunda abin zubarwa ne.

To a nan gizo ke saƙa. A masana'antar siminti, irin ta Ashaka a Gombe, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Obajana a Kogi, clinker ba shara ba ne. Dutsen farar ƙasa da yumɓu ake gasawa a zafin da ya kai kusan digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyos, su fito 'yan dunƙule-dunƙule. Su ake niƙawa da ɗan jifsam su zama simintin da muke saye a buhu. A 2020 kamfanin Dangote ya yi lodinsa a jirgin ruwa daga Legas zuwa Senegal. Wanda ya buɗe ƙamus ya fassara wannan labari da “an fitar da kashin maƙera” ya gaya wa mai karatu cewa bola muka sayar.

Ra'ayina shi ne mu raba su. Na tanderun kwal da maƙera, a bar masa kashin maƙera. Na masana'anta kuwa, mu ce “tsakuwar siminti”, domin ko magini ya ji zai gane. Ƙamus jera ma'anoni kawai yake yi, zaɓen wadda ta dace aikin marubuci ne.

Mai sunan da ya fi wannan dacewa, musamman waɗanda suka yi aiki a kamfanin siminti, bismillah, muna saurare.