Tsakanin kwalbar bitamin da tukunyar miya: Ina ya kamata kuɗin magidanci ya tafi?

Duk ma'aikacin da ya daɗe a sakatariya ya san masu yawo ofis-ofis da jakar kwalabe idan wata ya kusa ƙarewa. Suna tallar ƙwayoyin bitamin da na ƙarin kuzari, a karɓa bashi, a biya idan albashi ya shigo. A kasuwa ma haka abin yake: ɗan kasuwar da ya wuni a tsaye yakan biya ta kemis ya ce a haɗa masa na gajiya. Wannan ciniki yana gudana ne a daidai lokacin da cefane ya gagari gidaje da dama. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin abinci ya yi ta hawa, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawarsa ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Nama da ƙwai da kifi suka janye daga tukunya, mutane da yawa kuma suka ɗauka kwalba za ta cike gurbinsu.

Ba a musun cewa akwai ƙarancin sinadaran gina jiki a ƙasar nan. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Abin dubawa shi ne su wane ne ƙwayar ke yi wa amfani, kuma su wane ne ke sayenta.

Waɗanda likitoci suka yi ittifaƙi a kansu rukuni uku ne. Na farko mata masu juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar su riƙa shan sinadarin ayan miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum, wato abin da aka fi sani da maganin ƙarin jini a wurin awon ciki. Folik asid yana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa, kuma wannan sashe na halitta yana kammala rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana ɗauke da shi ba. Shi ya sa ake son mai shirin haihuwa ta fara sha tun kafin cikin ya shiga, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Rukuni na biyu yara 'yan wata 6 zuwa 59, waɗanda ake ɗiga wa bitamin A sau biyu a shekara, shuɗin ƙwanso ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ja ga waɗanda suka haura. Wannan ɗigo yana kare ido, yana kuma rage mace-macen ƙananan yara, kuma kyauta ake bayar da shi a makon lafiyar mata da yara. Rukuni na uku su ne waɗanda gwaji ko wata lalura ta nuna suna da giɓi, kamar mai ciwon sukari da ya daɗe yana shan metformin, wanda kan rage masa bitamin B12.

Magidanci lafiyayye mai cin abinci gwargwado ba ya cikin waɗannan rukunai, alhali shi ne ya fi kowa sayen kwalba mai tsada. A 2022 kwamitin ƙwararru da ke ba da shawara kan rigakafin cututtuka a Amurka ya duba binciken da aka tara, ya ce babu isasshiyar hujjar cewa haɗakar bitamin tana hana ciwon zuciya ko kansa. Kwamitin ya ma ja kunne kan shan bitamin E da sinadarin bita-karotin da wannan niyya. Tun a 1994 wani bincike a ƙasar Finland, a kan maza mashaya taba kusan 29,000, ya nuna waɗanda aka ba bita-karotin sun fi kamuwa da kansar huhu da kimanin kashi 18 cikin ɗari.

Haka kuma ba kowane bitamin ne jiki ke zubar da rararsa ba. Bitamin C da yawancin dangin B suna fita ta fitsari; rawayar da mai sha ke gani har ya ce magani ya kama shi, rarar bitamin B2 ce jiki ya watsar. Amma A da D da E da K suna narkewa ne a cikin kitse, A da D kuwa kan taru har su yi illa. Yawan bitamin A yana taɓa hanta, yana kuma iya nakasa abin da ke cikin mai juna biyu. Yawan D yana tara sinadarin kalsiyam a jini har ya wahalar da ƙoda. Mafi muni shi ne abin da ake sayar wa 'yan mata da sunan maganin ƙiba, wanda sau da yawa ake lulluɓe shi da sunan bitamin alhali sinadarin buɗe ciki ne, wani lokaci ma a haɗa da deksametason, mai kumbura jiki ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Garin neman gira ake rasa ido.

Akwai kuma ruɗani game da lambar hukumar NAFDAC. A kan kwalaben kayan ƙarin gina jiki da na gargajiya da yawa akan ga rubutu ƙanana da Turanci da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansu ba. Lambar ba shaida ba ce cewa abin yana warkar da cututtuka goman da mai talla ya lissafa ta lasifika.

Kuɗin da ake zubawa a kwalba zai fi yin aiki a kasuwar kayan miya. Manja da karas da kabewa da mangwaro da hanta suna ba da bitamin A. Zogale da alayyafo da rama da wake suna ba da ayan da folik. Gwaiba da lemo da garin 'ya'yan kuka suna ba da bitamin C, wanda ke taimaka wa hanji tsotse ayan daga ganye da wake, yayin da shayi mai kauri nan take bayan cin abinci ke rage tsotsewar. Bugu da ƙari, tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a cikin fulawa da sukari da man girki da masana'antu ke sarrafawa, ana gane su da tambarin ido a jikin mazubi, kamar yadda aka wajabta sa ayodin a gishiri tun farkon shekarun 1990. Man da ake aunawa a kwalba a tsakar rana ba shi da wannan tabbaci, domin babu tambari, kuma haske yana lalata sinadarin.

A nan nauyin hukumomi yake. NAFDAC da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki su riƙa ɗebo samfur daga kasuwanni suna gwadawa, su kuma bayyana wa jama'a kamfanonin da suka gaza. Gwamnatocin jihohi su tabbatar maganin ƙarin jini bai yanke a asibitocin matakin farko ba, domin matar karkara da ta yi tattaki zuwa awo aka ce mata babu, da wuya ta sake dawowa. Masu ba da izinin talla a rediyo da talabijin su daina barin a yi wa marasa lafiya alƙawarin waraka da abin da ba magani ba.

Shi kuwa ma'aikaci ko ɗan kasuwar da gajiya ta addaba, gwajin jini da awon hawan jini da na sukari su ne matakin farko, domin kasala kan zama alamar cutar da bitamin ba zai taɓa ba. Idan gwaji ya nuna giɓi, likita ya rubuta abin da za a sha da tsawon lokacinsa. Idan bai nuna ba, kuɗin kwalbar ya fi dacewa da hannun uwargida, a ƙara wake da ganye da ƙwai a cefanen mako.