Da Wane Mudu Za A Auna Malamin Da Annoba Ta Rufe Wa Aji?

Kowane ma'aikacin gwamnati ya san takardar nan ta ƙarshen shekara, wadda shugaba yake rubuta ra'ayinsa a kan aikin na ƙasa da shi kafin a jefa ta cikin fayil. Malaman jami'a ma suna da tasu, sai dai tasu ta fi tsauri. Akan tambayi malami darussa nawa ya koyar, ɗalibai nawa ya duba wa kundin bincike, wane aiki ya riƙe a sashensu, sa'an nan abin da ya fi kome rinjaye, watau maƙala nawa ya buga a mujallun ilmi. A galibin jami'o'in Nijeriya sai mutum ya yi aƙalla shekara uku a matsayi ɗaya kafin a dube shi don ƙarin girma. In kuwa kujerar farfesa yake nema, sai an aika da rubuce-rubucensa ga masana na waje su auna.

An gina wannan tsari ne bisa zaton cewa kowace shekara tamkar 'yar'uwarta take. Shekarar 2020 ta ƙaryata wannan zato. Ran 27 ga Fabrairu aka tabbatar da cutar korona ta shigo Ikko, kafin watan Maris ya ƙare Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu, kuma ran 23 ga watan ƙungiyar ASUU ta shiga yajin aiki a kan tsarin biyan albashi na IPPIS da alkawuran yarjejeniyar 2009. Ba a janye yajin ba sai ran 23 ga Disamba, wata tara cif. A watan Janairu na 2021 aka soma komawa aji, har Jami'ar Bayero ta Kano ta soke shekarar karatu ta 2019/2020 ɗungum.

To, me malami zai rubuta a takardarsa game da irin wannan shekara? Kullen bai faɗa wa kowa da nauyi ɗaya ba. Masanin tarihi wanda ya riga ya tara bayanansa a gida, mai yiwuwa ma sarari ya samu na rubutu. Amma masanin kimiyya an garƙame masa ɗakin gwaje-gwaje, mai nazarin adabin baka an hana shi ƙetare iyakar jiha ya je ga makaɗan da zai ɗauka, masanin aikin gona kuwa in shukar damina ta wuce shi, binciken shekara guda ya tafi ke nan, don ba a roƙon damina ta dawo. Likitocin da ke koyarwa suna can asibiti suna fama da marasa lafiya. Malama mai 'ya'ya huɗu da aka rufe wa makaranta ta koma uwa da malamar firamare a lokaci ɗaya. Duk waɗannan layi ɗaya takardar ta ba su, kuma lamba take so a rubuta a kansa.

Wani zai ce ai wannan magana ta wuce. Ba ta wuce ba. Daga fara bincike zuwa fitowar maƙala akan ɗauki shekara ɗaya ko biyu, saboda haka giɓin 2020 a fayilolin 2021 da 2022 yake bayyana, kuma da waɗannan fayiloli ne ƙananan malaman wancan lokaci suke neman manyan matsayi. Mai aunawa na waje yana ganin shekara biyu babu kome, ba a kuwa gaya masa dalili ba. Ga shi a daidai waɗannan shekaru aka matse zangunan karatu don a cim ma abin da ya wuce, azuzuwa suka cika maƙil, sa'an nan yajin 2022 ya ci wata takwas. Takardar tana ƙirga darasi a matsayin darasi, ko ɗalibai arba'in ne a ajin ko ɗari huɗu. Alhali kuwa yarjejeniyar 2009 ta tanadi alawus na aikin da ya wuce kima, wanda ba shi da madogara sai an rubuta nauyin aikin kowa dalla-dalla.

A Amurka jami'o'i da yawa sun ƙara wa ƙananan malamai shekara guda a kan wa'adin tabbatar da su a aiki, wasu kuma suka ba malami dama ya haɗa da bayanin yadda annobar ta taɓa aikinsa. Ƙarin wa'adin yana da nasa aibin, domin jinkirta ƙarin girma jinkirta ƙarin albashi ne. Bayanin shi ne abin koyi.

Amma fa kada a mai da annoba rumfar da kowane malalaci zai fake a ciki. Yajin aiki daban, annoba daban, ko da yake sun zo lokaci ɗaya. Akwai malamin da ya riƙa duba kundin ɗalibansa ta waya da kuɗin aljihunsa, a watannin da albashi ma ba ya zuwa, akwai kuma wanda ɗalibi ya neme shi wata tara bai ji ɗuriyarsa ba. In aka yi musu afuwa ta bai ɗaya an zalunci na farko. An kuma manta da ɗalibin da ya yi hasarar shekara, wanda wataƙila ta ja shi ya haura shekara talatin kafin ya gama, ya rasa damar yi wa ƙasa hidima.

Abin da ya kamata Majalisar Dattawan kowace jami'a ta yi bai da wuya. A ƙara shafi guda inda malami zai bayyana abin da ya tsaya masa da abin da ya yi a madadinsa, shugaban sashe ya tabbatar ko ya musa da hujja. A haɗa wa masu aunawa na waje kwanakin da jami'ar ta yi a rufe. A riƙa rubuta yawan ɗalibai a gefen kowane darasi. Wajibi ne kuma a shigar da wannan cikin dokokin ƙarin girma tun yanzu, domin zazzaɓin Lassa da kwalara da sanƙarau ba su daina zagayowa ba, kuma kwamitin da zai zauna bayan an sake rufe wata jami'a zai bukaci rubutacciyar ƙa'ida a gabansa.