Tafkin Nokuwe Bai Ci Gidan Kowa Ba, Gidansa Aka Ci

 Yau maganar ruwa za mu yi, domin duk wanda ke zaune a Zangon Kwatano ya san abin da watan Satumba da Oktoba ke kawowa. Ruwan da aka yi a Jugu da Paraku ya gangaro ta kogin Weme da kogin So, ya zube cikin Tafkin Nokuwe, sai unguwannin bakin tafki irin su Laji da Bosa da Awansori su cika. Masu gidaje su ce laifin ofishin magajin gari ne, ofishin magajin gari ya ce laifin masu gidaje ne. Da ma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, mu muna cewa dukkansu biyu da hannunsu a ciki.

A lokacin rani faɗin tafkin nan kamar murabba'in kilomita 150 ne. Idan kogi ya kawo, yakan ninka haka har wajen sau uku. Wannan ƙarin fili da yake malalewa, shi ne makwancinsa tun kafin a kafa garin. Hanyarsa ta fita teku kuwa ita ce mashigin da ya raba gari biyu, wanda kasuwar Dantokpa ke bakinsa. Turawan Faransa ne suka haƙa shi a 1885, kuma saboda ambaliya suka haƙa shi. Ashe ke nan shekara fiye da 130 hukuma ta san halin ruwan nan. Ina uzurin wanda zai ce ya zo masa ba zato?

Abin da ke faruwa kowa ya gani da idonsa. A zuba shara a bakin fadama, a bi da yashi, a danne, a yanka fuloti, a sayar. Mai saye ya ɗora bulo, ya ɗaga dandamalin gidansa, ruwan da ya kamata ya kwanta a nan ya juya gidan maƙwabci. Dokar filaye ta 2013 ta sanya tafki da gaɓarsa cikin dukiyar al'umma wadda ba a sayarwa. Tun shekarar 2000 kuma aka sa wannan yanki cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. To, takardun cinikin nan wa ke buga musu hatimi? Wa ke karɓar haraji a kansu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Bayan da Nicéphore Soglo ya hau kujerar magajin gari a 2003, an riƙa fitowa da injinan zuƙe ruwa ana yashe magudanai duk damina. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don gina manyan magudanai a birnin, wasu masu ba da lamuni su ma suka sa hannu. Madalla. Amma magudana cikin tafki take zubewa. Idan tafkin ya cika ya fi bakinta tsawo, ruwa baya yake dawowa. Kome yawan siminti, ba zai maye gurbin fadamar da aka cike ba.

Wanda ya manta ya tuna 2010. Ambaliyar shekarar ta shafi mutane wajen 680,000, ta taɓa ƙananan hukumomi 55 cikin 77 na ƙasar Benin, an yi asarar rayuka, dubban dabbobi suka halaka. Aka yi ta taro, aka yi ta alkawari. Ruwa na janyewa, tifofin yashi suka dawo.

Wani zai ce, ina ruwan makiyayi da rikicin masu gida? Da ruwansa. Fadamun ƙasan Weme, wajen Bonu da Ajohun da Dangbo da So-Ava, su ne ke fitar da ɗanyar ciyawa idan ruwa ya ja baya da rani. Saniya ta ci, ta bar taki, ta tashi kafin ruwa ya dawo. Ba ta cike rami, ba ta toshe magudana. Duk fadamar da aka mayar fuloti, makiyayi ya rasa abincin rani, birni kuma ya rasa wurin ajiye ruwan damina. Hasara ɗaya ce ta ci mu tare.

Ga abin da ke ba mu haushi. A 2019 an kafa dokar kiwo, a ƙarshen shekarar kuma gwamnati ta hana garken ƙasashen maƙwabta shigowa kiwon rani. Nan da nan aka ga ƙarfin hukuma. Idan ana iya tare saniya a kan iyaka, me ya hana a tare motar yashi a bakin tafki? Ko doka sai a kan mai sanda take aiki, ban da mai ambulan?

Buƙatunmu a fili suke. Na ɗaya, a kafa turaku a iyakar da ruwa ke kaiwa a shekarar cikowa, kowa ya gani, kada a sake sa hannu kan takardar fili a bayansu. Na biyu, talakan da aka yaudara ya sayi ruwa da sunan fili a sama masa wani wuri kafin a taɓa ɗakinsa, a kuma tuhumi wanda ya sayar. Na uku, duk kwamitin da zai zauna kan tafkin nan a sa masunta da makiyaya a ciki. Mutanenmu da ke arewa suna ganin cikar kogi makonni kafin ya iso Kwatano.

Ku kuma 'yan'uwanmu na Zango, masu ɗaukar kuɗin bijimai ku sayi fuloti mai araha, mu faɗa wa juna gaskiya. Ba ka sayen sa sai ka duba haƙori da kofato. Haka fili. Kada ka je ganinsa a Fabrairu, je ka a Oktoba, ka duba zanen ruwa a bangon maƙwabta. Masu garke a kwari kuma ku hau tudu da wuri, kada ku jira kofato ya fara ruɓewa.

Allah ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, ya ba shugabanni ikon yin gaskiya.